Ko Kun Sani?

Duniyar da ta fi kowace girma cikin takwas ɗin da ke zagaya rana ita ce wadda malamanmu ke kira Mushtari. Cikinta zai haɗiye duniyarmu sau 1,300, kuma nauyinta ya ninka na sauran bakwai ɗin, a haɗe, fiye da sau biyu. Duk da wannan girma, kwananta bai cika awa 10 ba, shekararta kuwa kusan shekara 12 ce tamu.

Rumawan dā, masu bautar gumaka, sun sa mata sunan Jupita, wanda suke riyawa sarkin allolinsu ne mai aiko da tsawa, har suka gina masa babban ɗakin bauta a tudun Kapitol. A 1610 masanin taurari Galileo ya hango manyan watanninta huɗu.

Ganinta ba ya bukatar na'ura. Mai ban ruwan albasa a Aliero, ko mai shan iska a Jega da Maiyama, zai gane ta in hazo ya lafa: haskenta a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa irin na taurari. Ku nuna wa yaranku ita.