Me Ya Sa Aka Ƙone Kumbon Cassini a Duniyar Zuhal?

Ranar 15 ga Satumba, 2017, masanan hukumar NASA ta Amurka suka cusa kumbon Cassini cikin iskar duniyar Zuhal da gangan, ya ƙone ƙurmus. Kumbon da ya tashi tun 1997, ya shekara 13 yana kewaya ta. To, me ya yi zafi?

Zuhal dai ba ta da ƙasar da za a taka, dunƙulen iskar haidurojin da hiliyom ce. Zobbanta, da ke kama da faifai a hoto, tarin ƙanƙara ne barkatai, daga mai girman ƙwayar gero zuwa mai girman gida. Faɗinsu ya kai kilomita 280,000, amma kaurinsu a wurare da dama bai wuce mita 10 ba.

Sai dai watanninta ne suka fi ɗaukar hankali. A 2005 na'urar Huygens ta Turai ta sauka kan ɗayansu, Titan, inda daga baya aka gano tafkuna na ruwan iskar mitan. A shekarar ce kuma Cassini ya hango Enceladus, ɗan wata mai faɗin kilomita 500 kacal, yana feso tururi da ƙanƙara ta tsagogin kudancinsa. Ashe teku ne mai gishiri kwance ƙarƙashin ɓawonsa. Inda ruwa yake kuwa, ba a cire tsammanin rai.

Da man kumbon ya kusa ƙarewa, sai aka ji tsoron kada wata rana ya faɗa kan ɗayan waɗannan watanni, ya gurɓata wurin da ƙwayoyin halittar da ya kwaso daga duniyarmu.