CIWON DAJIN DA KE SHIGAR BURTU A FATA

A shekarar 1806 wani likita Bafaranshe mai suna Jean-Louis Alibert, wanda ke aiki a asibitin Saint-Louis na birnin Paris, ya rubuta labarin wani majiyyaci da ya gagare shi. Mutumin ya fara da ƙuraje masu ɓarewa kamar na kirci, daga baya wasu kullutu suka fito masa, masu kama da laimar kwaɗi. Saboda wannan kama ne aka raɗa wa cutar suna Maikosis Fungoyidis, wato cutar fumfuna. Sunan kuwa kuskure ne, domin babu ruwanta da fumfuna, amma ya riga ya bi ta har yau.

Sai da aka yi shekara fiye da 150 kafin masu bincike su gane ainihinta. A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu fararen ƙwayoyi da likitoci ke yi wa laƙabi da harafin T, waɗanda aikinsu shi ne sintiri a fata don tare cututtuka. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, sai zuriyarta ta taru a fata ta yi kaka-gida. Ashe ciwon daji ne na ƙwayoyin jini, fata masauki ce kawai. A 1975 aka tattara wannan cuta da danginta a ƙarƙashin suna guda, har da nau'in nan mai tsanani da Albert Sézary ya bayyana a 1938, wanda fatar jiki duka kan yi ja tana ƙaiƙayi, miyagun ƙwayoyin kuma su cika jini.

Cutar ba ta da yawa. A Amurka, inda ake riƙe lissafi sosai, kimanin mutum 6 ne cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da irin wannan daji a shekara. Ƙarancin nata shi ne babbar matsalar, domin likita na iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa ganin ta ba, ko kuma ya gan ta bai shaida ta ba. Wani babban bincike da asibitocin ƙasashe da dama suka haɗu suka yi ya nuna cewa majiyyaci kan yi wajen shekara 3 yana yawo da tabonsa kafin a faɗa masa abin da ke damunsa. Sau da yawa sai an yanki ɗan ƙyallen fata an duba a madubin likita, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sannan gaskiya ta fito.

Ga baƙar fata kuwa lamarin ya fi rikitarwa. Littattafan likitanci sun daɗe suna kwatanta cutar da jan tabo, domin a jikin Turawa aka fara nazarinta. A jikin baƙin mutum ja ba ya fitowa sosai. Abin da akan gani shi ne tabo mai haske, sau da yawa a cinya ko ɗuwawu ko gefen ciki, wuraren da tufa ke rufewa, kuma wannan nau'i yakan kama har yara da samari. To, a ƙasashen da kuturta ba ta ƙare ba, wa zai ga farin tabo ya kawo ciwon daji a ransa? Sai a ce kyasbi ne, ko albaras, ko farkon kuturta. Amma akwai bambanci: tabon kuturta yakan mutu, in an shafa masa auduga mai shi ba ya ji, shi kuwa wannan yana ji sarai, yakan ma yi ƙaiƙayi. A Amurka an lura cewa baƙaƙe sun fi farare kamuwa, suna kamuwa da ƙuruciya, kuma ta fi yi musu illa. Har yanzu ana binciken dalili.

Nazarin wannan cuta ya haifar da wani abin da ba a zata ba. A 1980, a ɗakin binciken Robert Gallo, aka samo ƙwayar cutar HTLV-1 daga jinin wani majiyyaci mai dajin fata. Dangin ƙwayar ƙanjamau ce, amma ta riga ta bayyana. Tana yaɗuwa ta nonon uwa, da jima'i, da ƙarin jini, kuma ta fi yawa a kudancin Japan, da tsibiran Karibiyan, da Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Dajin da take haddasawa daban ne, ya kuma fi saurin kisa, sai dai yakan kwaikwayi wancan a fata. Cikin mutum 100 masu ɗauke da ita, kimanin 5 ne kawai ko ƙasa da haka ke kamuwa da shi.

Maganin da zai kawar da Maikosis Fungoyidis ɗungurungum yana da wuya, amma wanda aka gano tasa tun tana ɗan tabo a ƙaramin sashen jiki yakan yi tsawon rai kamar kowa. Man shafawa da gashin wani haske na musamman sukan isa. Idan ta shiga jini, akwai dabarar da Richard Edelson ya bayyana a 1987, inda ake fitar da fararen ƙwayoyin, a haska su, a mayar jiki. A 2018 kuma Amurka ta amince da allurar mogamulizumab, wadda aka fara ƙirƙira a Japan domin masu dajin HTLV-1.