Kayan Aikin Layin Umarni: Duba Lafiyar Kwamfuta da Juya Bayanai Zuwa Rubutu

1.0 Gabatarwa

Layin umarni shi ne wurin da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ita ma ta mayar da amsa a rubuce, babu hoto babu latsa alama. Ya samu gindin zama ne a tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a 1969. Aƙidar maginansa ita ce kowace manhaja ta yi aiki guda, ta iya shi, sannan ta fitar da sakamakonta a rubuce yadda mutum zai karanta, wata manhajar kuma ta karɓa. Wannan maƙala ta dubi rukuni biyu na irin waɗannan manhajoji: masu nuna halin da kwamfuta take ciki, da masu juya bayanai zuwa haruffan da ake iya bugawa.

2.0 Masu Nuna Halin Kwamfuta

Mafi sauƙinsu ita ce uptime, wadda a layi ɗaya take faɗin tsawon lokacin da kwamfuta ta yi a kunne, tare da alƙaluma uku na matsakaicin nauyin aiki a minti 1 da 5 da 15 da suka wuce. Ana auna alƙaluman ne da yawan cibiyoyin sarrafawa: kwamfuta mai cibiya 4 da ta nuna 4.00 ta ɗauki daidai ƙarfinta, in kuwa ta nuna 8.00, to ayyuka sun fara bin layi. Kwatanta na minti 1 da na minti 15 shi ke nuna ko cunkoson tasowa yake yi ko lafawa.

Manhajar top, wadda William LeFebvre ya rubuta a 1984, tana jera ayyukan da ke gudana, mafi cin ƙarfin na'ura a sama, tana sabunta allon bayan 'yan daƙiƙoƙi. A 2004 Hisham Muhammad, ɗan ƙasar Brazil, ya fito da htop mai launuka da sauƙin sarrafawa. Ita free tana nuna ƙwaƙwalwar da ta rage, df kuma sararin ma'ajiya. Amfaninsu ya fi fitowa ga mai kula da uwar garke daga nesa, domin allon rubutu ba ya buƙatar intanet mai ƙarfi.

3.0 Masu Juya Bayanai Zuwa Rubutu

Tsarin ASCII yana da lambobi 128, kuma 95 ne kawai daga ciki ake iya bugawa. A kansa aka gina hanyoyin imel na farko, saboda haka hoto ko manhaja kan lalace a hanya. Maganin farko shi ne uuencode, da aka rubuta a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1980. Daga baya base64 ta gaje ta, bayan ƙa'idar MIME ta 1992. Tana ɗaukar bayit 3, wato bit 24, ta raba su kashi 4, ta ba kowane kashi harafi ɗaya daga cikin 64. Kalmar "Kano", alal misali, takan koma S2Fubw==. Farashin wannan tsaro shi ne ƙaruwar girman fayil da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ɓoye sirri ba ne, domin kowa na iya warware shi.

4.0 Matsayin Haruffa Masu Ƙugiya

Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa cikin ASCII. A tsarin UTF-8, wanda Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowannensu bayit 2 ne: ƙ ita ce C6 99, ɗ kuma C9 97. Shi ya sa a cikin imel da aka juya wa haruffa "ƙasa" kan zama =C6=99asa. Idan kuma wata manhaja ta ɗauki bayit ɗin a matsayin tsohon tsarin Windows-1252, sai "ƙasa" ta fito Æ™asa, "ɗaki" ya fito É—aki.

A irin wannan hali rubutun bai salwanta ba, karatunsa aka kuskure. Manhajar xxd tana nuna ainihin bayit ɗin da ke cikin fayil, iconv kuma tana juya shi daga wani tsari zuwa wani. Haɗarin yana ga tilasta wa rubutu komawa ASCII: in aka umarci iconv ta zubar da abin da ba ya juyuwa, "ƙasa" sai ta koma "asa". In kuma aka cire ƙugiya kawai, "ƙafa" ta zama "kafa", "ƙaya" ta zama "kaya", kuma babu manhajar da za ta dawo da bambancin ba tare da kuskure ba.

5.0 Kammalawa

Rukunan biyu sun haɗu a kan manufa ɗaya, wato fito da abin da ke cikin na'ura fili ta hanyar rubutu. Ga masu adana kundayen digiri da matanin Hausa, darasin shi ne a ajiye asalin fayil a UTF-8, a duba bayit ɗinsa kafin a taɓa shi, kuma a yi kowace juyawa a kan kwafi.