Cin Zarafin Mata a Littattafan Hausa: Me Ke Ɓata wa Masu Karatu Rai?

Labarin kisa da fashi da ramuwar gayya ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Tun cikin shekarun 1930 littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya tsaya a kan ɗaukar fansa saboda mace, sannan a 1982 Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ya kai mai karatu cikin duniyar miyagun makamai da gungun masu laifi bayan yaƙin basasa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne yawan irin waɗannan labarai da kuma hanyar da suke bi su iso ga jama'a. Yanzu marubuciya kan rubuta babi da dare, ta tura shi ta WhatsApp ko Wattpad, kafin gari ya waye ya shiga ɗaruruwan wayoyi; wanda bai iya karatun boko ba kuma ya saurari wani na karanta masa a YouTube. Da yawa daga cikin labaran nan suna ɗauke da satar 'yan mata da fyaɗe da dukan matan aure, kuma a kan wannan ne ake ta ce-ce-ku-ce.

Na fi mai da hankali ga yadda ake karɓar waɗannan labarai a arewacin Jihar Zamfara, wato Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin a nan abin da marubuci ya ƙaga yana iya zama abin da ya faru a gidan maƙwabta. A watan Mayun 2019 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi suka yi awon gaba da mutane. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, sannan a Satumbar 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu. Ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wadda ta shafe shekaru tana aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta sha bayyana cewa tana karɓar matan da aka yi wa fyaɗe. Ke nan yarinyar da ke karanta labarin sace amarya a wayarta a Ƙaura, wataƙila ƙanwar mahaifiyarta ce aka biya kuɗin fansarta.

A tattaunawar da nake yi da ɗalibaina 'yan wannan yanki, da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, na lura martanin masu karatu ya rabu. Akwai waɗanda suke ganin bai kamata a rubuta irin wannan ba sam, domin tonon silili ne da koya wa yara abin da ba su sani ba. Galibinsu iyaye ne maza. Akwai kuma mata, musamman masu aiki, da suke cewa a cikin labaran nan ne kaɗai suke jin an ambaci abin da ake rufewa a tsakar gida, kuma karanta shi yana rage masu nauyin zuciya. Amma waɗanda suka fi jan hankalina su ne masu karatun da ba su ƙi a rubuta ba, sai dai wasu littattafan sukan bar su da ɓacin rai da ba su iya bayyana dalilinsa. Sukan ce labarin ya yi daɗi, amma sun ji kamar an ci mutuncinsu. A ganina waɗannan ne suka taɓo inda gizo ke saƙa.

Kafin in zo kan dalilin, yana da kyau mai karatu ya tuna cewa mun taɓa bin hanyar hani, mun kuma ga inda ta kai mu. Cikin shekarun 1990 an tafka muhawara a shafukan jaridu tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme a kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. A 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i, a 2007 kuma aka ƙona littattafan da aka ƙwace daga ɗalibai mata a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Littattafan ba su mutu ba. Sun bar teburin mai sayarwa a kasuwa sun koma cikin waya, inda babu edita, babu mai tacewa, kuma abin da ake rubutawa a can ya ninka wanda aka ƙona tsanani. A Ingila ma an gwada wata dabara: a 2018 aka kafa kyautar Staunch domin littafin laifi da babu macen da aka doka ko aka yi wa fyaɗe ko aka kashe a cikinsa. Fitattun marubuta mata kamar Val McDermid da Sophie Hannah suka soki tsarin, bisa hujjar cewa ɓoye cuta a littafi ba ya kawar da ita daga gari.

To idan matsalar ba ta ambaton abin ba ce, ta mece ce? A matsayina na mai nazarin harshe, amsar da nake gani tana cikin kalmomin da muke ba da labarin da su. Bahaushe mai kunya ne, shi ya sa yakan kauce wa kalmar fyaɗe ya ce wane ya lalata wance, ko ya ɓata ta. A duba waɗannan aikatau da kyau. Da su muke magana a kan nonon da ya kwana, da injin da ya daina aiki, da hatsin da ruwa ya taɓa. Daga "ya lalata ta" sai a sami "ta lalace", inda mai aikatawa ya ɓace daga jimlar gaba ɗaya, daga nan kuma a sami siffar "lalatacciya", wadda za ta bi yarinya har gidan aurenta, idan ma ta samu. Shi kuwa namijin, mafi yawan abin da harshen yau da kullum ke jifansa da shi shi ne "ɗan iska", kalmar da abokai ke tsokanar juna da ita a majalisa suna dariya. Haka nan lamirin "an" yake yi mana hidima: an shiga garin, an tafi da mata, an dawo da su. Jimla uku, babu mutum ko ɗaya da ya aikata komai.

Marubucin da ya ɗauki wannan harshe yadda ya same shi, ko da niyyarsa ta alheri ce, yakan ƙare da ɗora wa wadda aka zalunta kayan kunyar. A nan ne ake samun salon da ya cika labaran waya: attajiri ko ɗan sarauta ko jami'in tsaro ya yi wa yarinya fyaɗe, marubuciya ta ɓata shafuka tana kwatanta kyawunsa da motocinsa da ƙamshin turarensa, sannan bayan babi arba'in na kuka da haƙuri a ɗaura masu aure, ta haifa masa tagwaye, a rufe labari da godiya ga Allah. Wani lokaci kuma akan tsawaita wurin cin zarafin, a bi jikin yarinyar gaɓa-gaɓa da idon mai laifin, har mai karatu ya rasa gane ko tausayi ake so ya ji ko sha'awa. Wannan ne ke ɓata wa masu karatun da na ambata rai. A ƙauyukan da ake tilasta wa iyaye miƙa 'ya'yansu ga masu bindiga, labarin da ke mai da mai fyaɗe ango abin so yana koya wa yarinya cewa abin da ya same ta wata hanya ce ta samun miji.

Alhali kuwa muna da misalin yadda ake yi tun da daɗewa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka yi wa auren wuri, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, waɗanda suka fito a 1990. A na farkon an cire yarinya daga makaranta an aurar da ita ga dattijo bisa tilas. A na biyun miji ya kori matarsa da 'ya'yanta saboda amarya. Ba ta ɓoye zaluncin ba, amma da idon matar ta ba da labarin, ta bi ta har ta miƙe da ƙafafunta, ta kuma bar laifin a wuyan mai shi. An soke ta a lokacin, amma littafin nan na biyu shi Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, yana cikin 'yan ƙalilan na Hausa da suka kai haka.

Wanda kuma zai ce wannan ra'ayin Turawa ne, sai ya koma ga littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai babi a kan hukuncin macen da aka tilasta, inda aka nuna babu haddi a kanta, ukuba tana kan wanda ya tilasta ta, kuma wajibi ne ya biya ta sadakin irinta. Fiƙihun da Zamfara ta yi shelar komawa gare shi a 1999 ya wanke ta tun ƙarni goma sha biyu da suka wuce. Al'adarmu ta magana ce ta ƙi wanke ta, kuma marubuta ne suka fi kowa damar gyara wannan, tunda su ne ke sarrafa harshen a gaban dubban matasa kowane dare.

Saboda haka kirana ga marubuta, musamman mata da suka fi yawa a wannan fage, shi ne su rubuta, kada su ji tsoro, amma su kira laifi da sunansa, su sa mai laifin a gaban aikatau, su rage tsayawa a kan jiki su ƙara tsayawa a kan abin da ke biyo baya: zuwa asibiti da wuri, uwar da ta tsaya wa 'yarta, mijin da ya karɓi matarsa bayan ta dawo daga daji, alƙalin da ya yi hukunci. Waɗannan ma labarai ne masu riƙe zuciya, kuma akwai su a garuruwanmu. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya da sassan Hausa na jami'o'inmu, da ma kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, suna iya shirya zama tsakanin marubutan waya da ma'aikatan jinya da malaman fiƙihu, domin kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ke buƙata.

Iyaye kuma, maimakon ƙwace waya, ya fi amfani su tambayi 'yarsu abin da take karantawa da yadda labarin ya ƙare, da kuma ko tana ganin an yi wa yarinyar cikinsa adalci. Daga amsarta za su san ko tana ganin za ta iya zuwa gare su ranar da wani abu ya same ta ko ya sami ƙawarta. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya kare mana matanmu da 'ya'yanmu, amin.