Neman Zabiya a Ƙasar Kurfai

Yau shirin namu ya yada zango a Sanam, arewa maso gabas da Filinge, cikin ƙasar Kurfayawa.

Ku tambayi mai ƙungiyar kiɗa a wannan yanki abin da ya fi ba shi wahala. Mai kalangu yana samuwa, mai goge da mai gurumi ma haka, har yaron da ya iya fiyano ba a rasa shi. Macen da za ta ba da waƙa, a je biki da ita a dawo lafiya, ita ce jan aiki. Ga shi kuwa biki na mata ne. Su ke gayya, su ke anko, su ke liƙi, kuma muryar 'yar'uwarsu ce ke tayar da su tsaye.

Murya kam akwai ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin dandali da farin wata ya shaida: yarinya ta ba da waƙar gaɗa, ƙawaye su amsa da tafi, ta saki jiki ta faɗo da baya, su cafe ta su cilla sama, waƙar ba ta yanke ba. A cikin gida ga waƙar daka, ga ta niƙa, ga ƙwaryar da ake kifawa cikin ruwa ranar suna. Sai dai wannan makaranta da wuri ake tashi daga ita. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Da an shafa fatiha gaɗa ta ƙare, magana ta koma hannun miji da danginsa. Mai ƙungiya ya je da goronsa, a tare shi tun daga zaure: "Mu gidanmu ba a roƙo." Wani ma ya ƙara da cewa zabiya ba ta zaman aure.

Sannan ga halin tsaro. Tun 2017 yankin Abala, wanda Sanam ke cikinsa, ya shiga dokar ta-ɓaci, a Janairun 2020 kuma aka hana hawa babur a jihar Tilaberi. Kiɗan dare ya ja baya. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta bi hanya bayan magariba ba, ni ban ga laifinsa ba.

Amma dattawa sun san ba kullum haka take ba. Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu a wannan ƙasa ta Filinge, shi ya raya ƙungiyar matasa ta Samariya, aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Gaskiya ne yawancin waƙoƙin na yabon gwamnati ne. Duk da haka 'yar ƙauye ta tsaya gaban jama'a ta yi waƙa da sunan garinsu, da sanin maigari da sarkin samari, iyayenta na jin ta a Muryar Sahel suna alfahari. Da Samariya ta watse, wannan inuwa ta tafi da ita.

Matan da suka yi suna daga baya, birni ne ya riƙe su. Marigayiya Hamsu Garba 'yar Maraɗi, mai ƙungiyar Annashuwa, wadda ta rasu a Disambar 2022, a Yamai ta yi zamaninta. Matan ƙungiyar Sogha a Yamai suka haskaka lokacin wasannin Farankofoni na 2005. Binta Labaran, wato Fati Nijar, sai da ta ƙetara Kano. Cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya ma tana Yamai tun 1989, nesa da 'yar Sanam.

Su ma makaɗan da nasu alhaki, kuma dole a faɗa. Sau da yawa zabiya ce ke jan taro, ita ake liƙa wa kuɗi a goshi, amma in an zo rabo sai a jera ta da 'yan amshi. A naɗi waƙa a tura ta WhatsApp, ta zaga har Tawa da Dogon Dutsi, ba a ambaci sunanta ba. Wanda ke neman zabiya da gaske, ya je wurin iyayenta ko mijinta da rana tsaka. Ya yarda da kiɗan la'asar da ake tashi kafin kiran salla, ya biya kuɗin motar gwaggon da za ta raka ta, ya faɗi kasonta gaban shaidu tun kafin a ɗaure kalangu.