Awo da Cefane: Yadda Gidan Bahaushe Ke Tattalin Tukunya Daga Kasuwa Zuwa Kasuwa

A karkarar ƙasar Hausa da ranar kasuwa ake lissafin mako. Kasuwar Wudil tana ci ranar Juma'a, ta Maigatari ranar Alhamis, ta Ɗambatta da ta Mai'aduwa da ta Illela kuwa ranar Lahadi. Wanda ke bin ka bashi zai ce ya ɗaga maka sai kasuwa ta ci. Matar da gishirinta ya ƙare ran Talata za ta aika maƙwabta a sam mata, ta mayar idan Malam ya dawo daga kasuwa. Ashe ke nan sayayyar mako-mako ta daɗe a wurinmu tun kafin a san manyan kantunan birni masu keken turawa, kuma tana da ƙa'idojinta, ko da yake ba wanda ya taɓa zama ya rubuta su.

Ta fari ita ce sanin wanda nauyin ke kansa. Addini ya ɗora wa miji ciyarwa, al'ada kuma ta ƙara masa da zuwa kasuwa, musamman a gidajen da ake kulle. Shi ya san farashi, ita ta san abin da ya ƙare. Maigida zai iya faɗa maka nawa aka sayar da kwanon gero a makon jiya, amma da wuya ya san kwana nawa kwalbar man gyaɗa ke yi a gidansa. Uwargida kuwa da ido kawai za ta dubi sauran garin kuka ta ce ba zai kai Juma'a ba. A gidan mai mata biyu ko uku, cefanen ranar hannun mai girki yake shiga, kuma a nan ake gane mai tattali da mai hannun baba. Tsakanin kasuwa da madafi kuma akwai wasu ma'aikata da ba a cika ambatonsu ba, wato yara 'yan aike da almajirin gida, waɗanda ke sintiri tsakanin zaure da teburin mai kayan miya da kuɗi a dunƙule a hannu, suna maimaita saƙon a baki don kada su manta.

Hausawa sun raba awo da cefane, kuma duk wanda ya haɗa su wuri ɗaya a lissafinsa zai sha wuya. Awo na hatsi ne: gero, dawa, masara, shinkafa, wake. Cefane na abin da zai raka tuwon ne. Manomi bai cika awo ba sai rumbunsa ya yi ƙasa, galibi daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci tsada domin tsohon ya ƙare, sabon bai nuna ba. Shi ya sa magidancin birni mai ɗan hali yake kwaikwayon manomi: da kaka, in kaya sun karye, sai ya nufi Dawanau a kan hanyar Katsina, kasuwar da ake kira babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma, ya sayi buhu biyu ko uku ya jibge a ɗaki a kan katako, ya kawar da kai. Wanda ba shi da wannan ƙarfin sai ya bi kwano. Kanawa da kwano suke awo, wasu garuruwan da tiya, wasu kuma da mudu, kuma ba girmansu ɗaya ba. Babban buhu ana yawan lissafa shi kwano arba'in. Magidancin da ya san gidansa na cin kwano ɗaya a yini ya san buhu ba zai kai shi wata biyu ba, kuma daga wannan lissafin ake gina sauran.

A ƙauye shirin kasuwa daren jajiberinta ake yin sa. Bayan an ci tuwo, uwargida za ta jero wa maigida abin da babu: "Malam, manja ya ƙare, daddawa saura ta kwana biyu, ga sabulu, ga ashana, kar kuma a manta da kanwa." Ba takarda, ba alƙalami. Shi kuma a ransa yana lissafin abin da zai kai kasuwar, don mutumin ƙauye ba ya zuwa hannu rabbana. Zai kama zakara biyu, ko ya ja akuya, ko ya auni kwano biyar na gyaɗa ko riɗi. Ita ma uwargida takan ba da nata saƙon, man gyaɗar da ta matsa ko ƙuli-ƙulin da ta soya, a sayar mata a sayo mata abin da take so, kuma wannan kuɗin nata ne, ba ya shiga lissafin gida. Da hantsi zai sayar, da azahar ya fara saye. Wannan tsari shi ke hana shi wuce gona da iri, tunda abin da kasuwa ta ba shi da safe shi ne iyakar abin da zai mayar mata da yamma.

Saye ma da jerinsa. Ana fara biyan wanda in babu shi ba a ɗora tukunya, wato hatsi in ana awo, sai mai da gishiri. Bayan su kayan kaɗi da na ɗanɗano masu jure ajiya: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, barkono, citta, masoro, da ɗunƙulen magi wanda yau ya shiga kowane lungu. Nama a ƙarshe yake zuwa, in kuɗi sun ragu, kuma sau da yawa ba tsoka ba ce, ƙashi ne da kayan ciki da za su ba miya ƙanshi. Abu guda ne dai ba a tsallakewa ko an matsu, tsarabar yara. Kara ɗaya na rake, ko alewa, ko ɗan tsire a takarda. Uban da ya dawo daga kasuwa ba tsaraba, ranar sai ya shiga gida a sace.

Ciniki kuwa fanni ne mai zaman kansa. Ba a nuna wa mai kaya an ƙyasa. Mai saye zai tsaya ya yi sallama, ya tambayi kasuwa, ya ɗebi hatsin ya murza a tafin hannu ya ga ko da tsakuwa ko ƙwari sun taɓa, sannan ya ce, "Nawa kwano?" A faɗa masa. Ya taya. Mai kaya ya ce, "Albarka, Alhaji, ko ni ban saro haka ba." Ya ɗan ƙara, ko ya juya kamar zai tafi, a kira shi a ce, "Zo ka kawo kuɗi, na sallama." Bayan an sallama sai a zuba ido a kan awon kansa, domin a nan ake cin mutum ba a farashi ba. Akwai kwanon da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai ma'aunin da ba ya toza kwano ya bar shi a shafe, akwai mai tumatir da ke jera manya a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Malamai sun gaji da wa'azi a kan tauye mudu, abin bai gushe ba. Daga ƙarshe sai gyara: ɗan tafin hannu na hatsi, ko albasa biyu, ko attaruhu uku da ake ƙarawa a kan abin da aka saya. Gyara ba hakki ba ce, amma mai kayan da ba ya yin ta ba ya riƙe mutane. Saboda haka ne ma magidanci mai wayo ke tsayawa wurin mutum ɗaya shekara da shekaru. Ko farashinsa ya ɗara na maƙwabcinsa da kaɗan, shi ne zai zaɓo masa mai kyau, shi ne kuma zai ba shi bashi ranar da aljihu ya bushe.

Lokacin shiga kasuwa ma ana lura da shi. Mai neman kaya masu kyau da sassafe yake zuwa, lokacin da ake sauke su daga mota. Mai neman araha sai la'asar sakaliya, sa'ad da 'yan gwari ke son rabuwa da abin da ba zai kwana ba. Tumatir ɗin da ya fara laushi, in yau za a markaɗa shi a tafasa, bai da wani aibu, kuma rabin kuɗi ake sayensa.

Kayan miya su ne suka fi wahalar da mai lissafi, don ba su da alƙawari. Da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da noman rani ya nuna a Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki, tumatir kan yi yawa har ya ruɓe a bakin titi. Da damina ta kankama sai ya zama na masu hali. Mata sun daɗe da sanin maganin wannan. Lokacin araha ake sayen kwando, a yanka tumatir da tattasai a shanya a kan tabarma ko rufin kwano, a ɗura a buhu. Kuɓewa ma haka, a yanka a busar a daka. Ganyen kuka da zogale da rama duk ana shanya su. A shekarar 2016, da ƙwaron nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, gidajen da ke da busasshen kaya a ɗaki ba su ji jiki kamar sauran ba. Wasu kuma suka koma wa miyar kuka da kuɓewa, wadda dama ba ta neman komai sai daddawa da barkono da ɗan mai. Ni a ganina raina miyar kaɗi da wasu matan birni ke yi a yau, har suna ganin sai jar miya ce miyar 'yan gayu, ya ƙara wa cefane nauyin da bai kamata ya ɗauka ba.

A birni kamar Kano kasuwa kullum ci take, sai dai kowace da abin da ta fi ƙwarewa a kai. Hatsi a Dawanau, kayan gwari a 'Yankaba a kan hanyar Haɗeja, 'ya'yan itatuwa a 'Yan Lemo ta Na'ibawa, sukari da taliya da madara da sabulu a Singa, nama a Abbatuwa. Duk sun fi shagon unguwa sauƙi, amma tsakaninsu da juna akwai tafiya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya shiga lissafin cefane. Wanda zai sayi kashi biyu na tumatir ba shi da dalilin zuwa 'Yankaba, abin da zai rage ɗan adaidaita ne zai karɓe. Wannan ya sa maƙwabta ko abokan aiki ke haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je ya saro kwandon tumatir ko buhun albasa ko katan na taliya a zo a raba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Ita ce ta watanda, inda mutanen unguwa ke tara kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya zuba, musamman a jajiberin ƙaramar salla. Nama ta wannan hanya ya fi na teburin mahauci auki nesa ba kusa ba.

Sai dai dole a faɗi gaskiya, cefanen mako na wanda ke da kuɗin mako ne. Lebura da ɗan dako da mai facin taya kullum suke samu, kullum suke kashewa. Da safe a ajiye wa uwargida abin da ya samu, ta aiki yaro ya sayo ƙullin mai, ƙullin sukari, gwangwanin shinkafa, magi ƙwaya biyu. In ka tara waɗannan ƙulle-ƙullen na kwana bakwai za ka tarar talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada. A shekarar 2024, da hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukuma, har afafata, tsakin shinkafar da a da kifi da kaji ake ba wa, sai da ta shiga tukunyar mutane. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin shekarar, a lokacin da buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin wannan kuɗin. Magidanta da dama suka koma garau-garau da ɗanwake da dambu, ɗumame ya maye gurbin shayi da burodi da safe.

A irin wannan hali akwai wadda ke cike giɓin ba tare da an sani ba. Mace ce mai sana'ar cikin gida, mai ƙosai ko awara ko kitso ko ɗinki, wadda ke zaro daga asusunta ko kwasar adashinta ta ƙara a kan abin da aka ba ta, don kada a ce girkinta ba daɗi, ko don kada maƙwabta su gane gidan ba lafiya. Akwai mazan da abin da suke ajiyewa na cefane bai canja ba tun kafin kaya su tashi, kuma suna zaune suna jiran miya da nama. Da yawansu ba mugunta ba ce, rabonsu da tsayawa gaban mai kayan miya ne ya daɗe, sun bar wa yaro aike. Haka su ma matan da ba su taɓa jin farashin kwano daga bakin ma'auni ba sukan ɗauka maigida ne ke ƙwauro, su dafa abin da ya fi ƙarfin gida, a wayi gari a zubar.

Don haka kirana ga magidanta shi ne, ko sau ɗaya a wata mutum ya shiga kasuwa da ƙafarsa ya taya kayan miya da bakinsa. In ya dawo ya zauna da iyalinsa ya faɗa mata abin da yake samu a mako da abin da kasuwa ke ciki, ita kuma ta faɗa masa kwano nawa da kwalba nawa gidan ke ci, su yanke abin da za a saya a dunƙule da wanda za a bari sai kullum.