Yadda Gwamnatin Amurka Ke Biyan Makiyaya Idan Bala'i Ya Auka wa Dabbobinsu

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar shanu daga Maigatari, ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji an ce a Amurka idan shanun mutum suka mutu gwamnati ce ke biyansa. Shin gaskiya ne, ko kuwa zancen bakin kasuwa ne?"

To madalla, Alhaji. Maganar tana da tushe, sai dai ba kowace mutuwa ake biya ba.

Ma'aikatar noma ta Amurka tana da ofisoshi a gundumomin karkara, wato kamar ƙananan hukumomi ke nan a wurinmu. Can makiyayi ke kai kukansa. Dokar noma ta shekarar 2008 ce ta kafa waɗannan tsare-tsare na agaji, ta 2014 kuma ta mai da su na dindindin.

Tsari na farko na dabbar da ta mutu ne sanadiyyar ambaliya, gobarar daji ko dusar ƙanƙara. Ana biyan kashi 75 cikin 100 na farashinta a kasuwa. Amma sai an fara cire adadin da aka saba rasawa kowace shekara ko da lafiya lau ake. Saniyar da tsufa ya kashe ba ta cikin lissafi. Tsari na biyu na fari ne. Idan ma'aunin fari na gwamnati ya nuna gunduma ta shiga matsanancin hali, ana ba makiyayi kashi 60 cikin 100 na kuɗin ciyar da garkensa na wata guda, ko fiye da wata guda gwargwadon tsananin farin.

Bari in ba ka misali. A farkon watan Oktoba na 2013 guguwar dusar ƙanƙara ta faɗa wa yammacin jihar Dakota ta Kudu, har da gundumar Meade. Ta zo da wuri, shanu suna can makiyayar bazara, gashin da ke kare su daga sanyi bai fito ba tukuna. Ruwan sama ya fara jiƙa su sharkaf, sannan ƙanƙara da iska suka biyo baya. Dubban shanu suka hallaka cikin kwana biyu zuwa uku.

Abin takaicin, a daidai lokacin ofisoshin gwamnatin tarayya a rufe suke saboda majalisa ba ta amince da kasafin kuɗi ba, tsarin biyan kuma wa'adinsa ya ƙare tun 2011. Makiyaya suka rasa inda za su kai ƙara. Sai da shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka a Fabrairun 2014, aka fara karɓar takardun neman diyya a watan Afrilu. Wata shida ke nan mutum na jira, ga bashin banki a wuyansa.

Ka lura da wannan, Alhaji: sai da shaida ake biya. Ana neman takardar yawan garke kafin bala'in, rasiɗin saye da sayarwa, takardar likitan dabbobi, ko hoton mushen. Wanda bai ajiye komai ba yakan sha wahala kafin a yarda da shi.

Saboda haka ko kai da ke kasuwar kara, ka riƙa rubuta abin da ka saya da abin da ka sayar, ka adana takardar rigakafi. Allah ya kiyaye mana dukiyoyinmu, amin. Sai mun ji daga gare ku a mako mai zuwa.